Kifin da na samu ƙundu a cikinsa kamar kaza, wane iri ne?

Maman_Hanifa
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu sanin kifi ku taimaka min. Jiya maigidan ya je Badagiri aiki, ya dawo min da kifi guda shida a leda, wai abokinsa ne ya matsa masa ya saya saboda a gabansu aka fito da su daga ruwa. Ni 'yar Gusau ce, tarwaɗa da karfasa na sani, sai shawa da taitus na ƙanƙara da na koya a nan Agege. Wannan ban taɓa ganinsa ba. Dogo ne mulmulalle, babban cikinsu ya kai daga gwiwar hannuna zuwa yatsa. Bayansa toka-toka, cikinsa fari fat, kansa a baje ta sama kamar an danna shi da tafin hannu, bakinsa ɗan mitsitsi. Abin da ya ɗaure min kai shi ne da na farke cikinsa sai na ci karo da wani abu mai tauri kamar goro. Na yanka shi, wallahi ƙundu ne sak irin na kaza, har da laka da yashi a ciki. Hanjinsa kuwa na yi ta ja kamar ba zai ƙare ba. Na soya biyu, huɗu suna firij, amma ban bari yara sun taɓa ba. Wane kifi ne? Ana ci? Kuma me ake ce masa da Hausa?

Dan_Yawuri77
Wa alaikumus salam. Bargi ne Hajiya, wasu su ce balli. Shi ne kifin da na sani da ƙundu. Ki ci abinki.

Sarkin_Birgi
Dan Yawuri ka yi sauri. Bargi yana da ƙundu, gaskiya ne, amma fiffikensa na baya guda ɗaya ne dogo, can kusa da wutsiya, wutsiyar kuma 'yar zagayayya ce, kuma ba fari fat yake ba. Maman Hanifa, fito da ɗaya daga firij ki duba gadon bayansa. Fiffike nawa ne? Wutsiyar a rabe take ko a dunƙule?

Maman_Hanifa
Na duba. Guda biyu ne, da tazara mai kyau a tsakaninsu. Na gaban yana da ƙaya, ita ce ma ta soke ni jiya. Na ƙirga ƙayoyin, huɗu ne. Wutsiyar a rabe take.

Dan_Yawuri77
To ba bargi ba ne. Na janye.

Malam_Nura_Kifi
Tun da kika ce kai a baje da ƙundu na yi zargi, ƙaya huɗun nan ta kammala min. Kifin da Turawa ke kira malet ne, dangin da masana ke kira Mugilidae. Yarabawan Legas na ce masa atoko, in kika koma kasuwa ki faɗi sunan za a nuna miki shi. Dangin suna da yawa, kusan iri 80 a duniya, kuma duk suna da wannan siffa: fiffike biyu a rabe, na gaba mai ƙaya huɗu, ɓawo manya-manya, ƙaramin baki wanda haƙoransa ba ka ganinsu sai ka ƙura ido. Wata alama kuma, ki duba gefen jikinsa. Yawancin kifaye suna da layi guda da ya taso daga kunne zuwa wutsiya, kamar ɗinki. Malet ba shi da wannan layin a fili.

Maganar ƙundu kuwa, abincinsa ne ya jawo. Shi ba mafarauci ba ne. Yana sunkuyar da kai ƙasan ruwa ya zuƙi saman laka, ya tace a maƙogwaronsa, ya furzar da tsakuwar da ta yi girma, ya haɗiye mai laushin. A cikin lakar nan akwai gansakuka, da ruɓaɓɓun ganyaye, da wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani masu ɓawo kamar gilashi. Yashin da kika gani shi ne dutsen niƙansa, kamar yadda kaza ke haɗiyar tsakuwa. Hanjin kuma dole ya yi tsawo don abinci ne mai wuyar narkewa, yakan ninka tsawon jikin kifin sau uku ko fiye. Lafiyarsa ƙalau, ba ciwo ba ne.

Ummu_Sadiq
Ikon Allah. Kifi da ƙundu. Kullum sai ka ga sabo.

Baffa_Mai_Shayi
Ni fa tambayar da ba a amsa ba ita ta dame ni. Kifin da ke cin laka da ƙazantar ƙasan ruwa, ya halatta? Ba ya zama kamar jallala ba, dabbar da ke cin najasa?

Almajirin_Malikiyya
Baffa, laka ba najasa ba ce. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta mana farautar teku da abincinsa, kuma hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. A mazhabarmu ba a ware wani kifi an ce haramun ne saboda abin da yake ci. In da haka ne da tarwaɗa ce farkon fita, kowa ya san abin da take ci. Abin da ya rage maganar lafiya ce, wannan kuma na masu sani ne.

Hajiya_Nima
Maganar lafiyar nan ita zan yi. Ni a Akra aka haife ni, shekara sama da ashirin ina soya kifi ina sayarwa. Kifin nan daɗinsa ya danganta da ruwan da ya zauna. Wanda aka kamo a Ada, inda kogin Bolta ke shiga teku, namansa fari ne mai maiƙo, ko gasawa ka yi da yaji da banku, tuwonmu na Gana, sai ka lashe hannu. Amma wanda ya yi kiwo kusa da bakin kwata, kina farke shi za ki ji warin taɓo, wani har da ƙaurin kananzir. Mu nan kowa ya san yadda tafkin Korle ya lalace da shara, duk kifin da aka ce daga wannan yankin ya fito ba na saya ko kyauta ne. Ƙanwata, ki shinshina cikin, ki kankare baƙar fatar nan da ke manne a jikin cikinsa ta ciki, ita ke kawo ɗaci. Ki wanke da lemun tsami da gishiri. In babu wari, ba wa yara su ci. Kuma ƙundun kada ki zubar, tsaga shi ki wanke yashin ki soya, yana da garɗi.

Maman_Hanifa
Na gode Hajiya. Babu wari ko kaɗan, ƙamshin teku kawai. Ƙundun jiya dai na zubar. Har da wasu abubuwa biyu dogaye rawaya da na ciro daga cikin babban, kamar ayaba ƙanana, na ba magen maƙwabta.

Sani_Azhar
Inna lillahi! Anti, magen nan ta ci abin da ya fi kifin tsada. Ƙwansa ne fa. A nan Masar sunan kifin buri, ƙwan kuma baɗarik. Ana ciro jakar ƙwan ba tare da an huda ta ba, a binne a gishiri, a danne da katako, a shanya har ta yi tauri ta koma ruwan zuma. A kanti ana sayar da ita da giram, mu ɗalibai sai dai kallo. Italiyawa ma suna yi, musamman a tsibirin Sardiniya, su kankara a kan taliya. A Japan sunansa karasumi.

Dan_Yawuri77
Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Maman_Hanifa
Ku bari kawai. Maigidan na karanta wannan yana min dariya.

Abba_Kwamfuta
Ni na bincika malet a intanet, abin da ya fito min kifi ne ja mai gemu biyu a haɓa. Bai yi kama da wanda ake siffantawa ba. Malam Nura ka tabbata?

Malam_Nura_Kifi
Abba, Turawa ne suka rikita ku. Suna ɗaya suka ba dangi biyu da ba su haɗa komai ba. Jan mai gemun daban yake, Faransawa na ce masa ruje, akwai shi a gaɓar Afirka ta Yamma ma, amma ƙananan halittu yake farauta da gemun nasa. Namu shi ne mai ruwan toka. Ka rubuta Mugil cephalus za ka gan shi. Sunan nan tun 1758 wani masanin halittu, Liniyas, ya raɗa masa, kalmar ta biyu daga Girkanci take, ma'anarta kai, saboda faffaɗan kan nan.

Sarkin_Birgi
Wanda ya fi rikita sababbin zuwa a kasuwar Legas shi ne wanda 'yan kasuwa ke ce wa shaini nos. Shi ma fiffike biyu, shi ma fari. Amma bakinsa a ƙasa yake, hancin ya zarce gaba, kuma yana da zare-zare a ƙarƙashin fiffiken ƙirji. Na ga wata mata ta biya kuɗin shaini nos an ba ta atoko. Bonga kuwa ba ya ma shiga lissafi, shi falale ne, fiffikensa na baya ɗaya, cikinsa da kaifi kamar zarto.

Bashir_Fanisau
Tsaya tukuna. Malam Nura ya ce dangin kusan 80. To ta yaya ya san nata Mugil cephalus ne? Ko dai duk wanda aka gani sai a liƙa masa sunan da aka fi sani?

Malam_Nura_Kifi
Ban ce shi ne ba, Malam Bashir, na ce Abba ya nemi hotonsa. Gane dangin abu ne mai sauƙi, yaro ma zai iya. Gane wane ne a cikin dangin shi ne aikin, har ɗaliban da muka yi karatu tare sun sha faɗuwa a nan. A ruwan Legas kaɗai ana samun iri da dama suna kiwo tare, masunci kuma birgi ɗaya yake jefawa ya kwaso su duka.

Maman Hanifa, in ba za ki gaji ba, ga abin da za ki duba. Fara da ido. 'Yan gidan Mugil suna da wani kitse garai-garai da ya rufe idon ta gaba da ta baya, ya bar tsaga a tsaye a tsakiya, kamar an ɗiga masa kakin kyandir ya daskare. Sauran dangin da ke wannan gaɓar tamu ba su da shi, ko kuma ɗan kaɗan ne a gefen ido. Sannan ki juya cikinsa, akwai fiffike a ƙasa kusa da wutsiya, bayan mafitar kashi. Ƙayoyi uku ne a gabansa, ki tsallake su, ki ƙirga sirara masu laushi da ke biye. Mugil cephalus 8 gare shi. Akwai ɗan'uwansa Mugil curema, shi 9, kuma fiffiken nasa lulluɓe yake da ƙananan ɓawo. Akwai wani da ake yawan samu a Legas mai fiffike kamar lauje, shi 10 ne ko 11. Sai ki duba ko akwai layuka duhu-duhu a kwance a jikinsa, da ɗigo mai shuɗi-baƙi a gindin fiffiken ƙirji.

Ummu_Sadiq
Malam ka mayar da kicin ɗin baiwar Allah ɗakin gwaji.

Maman_Hanifa
Ai na riga na shiga, sai na ga ƙarshensa. Bari su saki ƙanƙara.

Abu_Bakr_BurSudan
Kafin ta dawo. Mu a nan bakin Bahar Maliya sunansa arabi, haka ma 'yan'uwanmu na Jidda suke kiransa. Ina jin Sani yana cewa buri, to a nan in ka ce buri an san ka zauna da Misirawa. Da asuba in ruwa ya kwanta za ka gan su garke guda a kusa da gaɓa, baki a saman ruwa suna tsotsar kumfa. Ƙugiya ba ta cika kama su ba don ba sa bin tana kamar sauran kifi, yara kan yi dabara da ɓargon burodi. Raga ce maganinsu, ita ma sai an iya, don in suka ji an kewaye su sai su dinga tsallake ta ɗaya bayan ɗaya kamar awaki a kan danga.

Sani_Azhar
Tunda an zo Masar da Sudan, dole a yi maganar fasik. Buri ake bari ya ɗan kumbura a rana, a cusa shi a gishiri makonni, a ci shi haka ba dafuwa, da albasa da lemun tsami, ranar bikin Shammun Nasim. Shekarata ta farko mai gidan da muke haya ya kawo mana faranti guda don karramawa. Warin ya riga shi shigowa. Na ci loma ɗaya don kunya, na kwana ina shan ruwa. Kowace shekara hukumar lafiya sai ta yi gargaɗi a kansa, don in gishirin bai ratsa ba wata ƙwayar cuta na haifar da guba mai shanye jiki. A 1991 a Alƙahira mutum 91 aka kwantar, 18 suka rasu. Amma ko gobe bikin ya zo layi za ka gani a shagon mai fasik.

Abu_Bakr_BurSudan
Namu fasik ɗin na Sudan yawanci da kifin Nilu ake yi, kawara da kas, wato tsage, kuma dafa shi muke yi a miya da man gyaɗa niƙaƙƙe. Kada a haɗa mu da su.

Baffa_Mai_Shayi
To ni dai Allah ya raba ni da ruɓaɓɓen kifi ko na wace ƙasa ne.

Hajiya_Nima
Baffa kana cin daddawa kuwa? Mu ma muna da momoni a Gana, ɗan kaɗan a miya ya isa. Kowa da ruɓaɓɓen da ya saba da shi.

Injiniya_Kabiru
Ni tambayata ta kasuwanci ce. Ina da tafkuna huɗu na ƙasa a wajen Zariya, tarwaɗa nake kiwo, kuɗin abinci ya kusa kashe ni. In kifin nan laka da gansakuka yake ci, ai shi ne maganin matsalata. Yana rayuwa a ruwan daɗi?

Malam_Nura_Kifi
Yana rayuwa, Injiniya. Wannan na cikin abin mamakinsa: ruwan teku, ruwan zartsi, ruwan daɗi, har ruwan da ya fi teku gishiri, duk yana jurewa, shi ya sa ake ganinsa ya hau kogi nesa da teku. Masar ce kan gaba a duniya wajen kiwonsa, suna haɗa shi da karfasa a tafki ɗaya a yankin Kafrus Shaikh, karfasa ta ci na sama, shi ya share na ƙasa. Amma inda gizo ke saƙar shi ne iri. Ba ya haihuwa a tafki. In lokacin ya yi, manyan sai su taru garke-garke su fita teku, can mace ke zuba ƙwai, ɗaya tak na iya zuba daga rabin miliyan zuwa miliyan 2. Ƙwan bai kai milimita 1 ba, yana da ɗigon mai a ciki da ke sa shi yawo a saman ruwa, cikin kwana 2 ya ƙyanƙyashe. 'Ya'yan in sun kai kamar santimita 2 sai su nufo gaɓa su shige bakin koguna da tafkunan zartsi, nan suke girma. Misirawa a nan suke tare su da raga mai laushi su kwasa. Ana iya sa shi haihuwa da allura a ruwan gishiri, amma aiki ne mai tsada da wahala, ba kamar tarwaɗa da kowa ke matsewa a bayan gida ba. Kai da ke Zariya sai an ɗebo maka 'ya'ya daga bakin teku, a yi ta rage musu gishiri sannu a hankali, a yi tafiyar kwana da su a mota. Lissafa ka gani.

Injiniya_Kabiru
Na lissafa. Na koma wa tarwaɗata.

Dan_Yawuri77
Injiniya nemi bargi. Shi ma ƙasan ruwa yake ci, kuma a gabanka zai yi sheƙa a ciyawa ya haihu.

Issoufou_Damagaram
Salamu alaikum. Ni direba ne, na yi shekara uku ina aiki tsakanin Nuwakshot da Nuwadibu a Muritaniya. Akwai wasu mutane a bakin tekun can, Imragen, rayuwarsu kaf a kan kifin ga take. Yankinsu sunansa Bankin Argin, gandun gwamnati ne tun 1976, an hana jirgi mai inji shiga, sai na filafilai. In ƙarshen shekara ya yi kifin na wucewa garke-garke zuwa kudu, har ruwa ya canza launi. Mata ke tsaga shi su shanya ba gishiri, su ce masa tishtar, su dafa kawunan su fidda mai, ƙwan kuma a sayar wa masu kaiwa Turai. Larabawan hamada har zuwa suke su zauna makonni suna cin kifin da man don magani. Abin da dattawansu suka ba ni labari shi ne, da can mutum na shiga ruwa ya dinga dukansa da sanda, sai dolfin, dabbobin tekun nan masu kama da manyan kifaye, su ji su zo su koro kifin zuwa gaɓa, mutane su tare da raga a kafaɗa, kowa ya samu rabonsa, mutum da dabba.

Bashir_Fanisau
Malam Issoufou, wannan ta ƙarshen ai gatanan gatananku ce. An ga baƙo an shirya masa.

Zainab_Biology
Ba tatsuniya ba ce Yaya Bashir, an ɗauki hotonsa an rubuta. Kuma har yau ana yin irinsa a garin Laguna da ke kudancin Burazil. Masunta na tsayawa a jere cikin ruwa zuwa ƙugu da birgi a hannu, ruwan a gurɓace yake ba sa ganin kifi. Dolfin ke koro garken, sai ya yi wani nutso na musamman, wannan ce alamar a jefa. Masuntan har suna suke raɗa musu, sun san mai aiki da malalaci. Kifin can ɗan gidan Mugil ne shi ma, Mugil liza.

Bashir_Fanisau
To na ji na Burazil. Amma dukan ruwan da sanda, kiran dolfin ne ko kwaikwayon ƙarar faɗuwar kifin ne in ya yi tsalle? Don in na biyun ne, ba kira ba ne, yaudara ce.

Issoufou_Damagaram
Ko wanne ne dai suna zuwa.

Abba_Kwamfuta
Wai me ke sa shi tsallen ma?

Sarkin_Birgi
Gudun maƙiyi. In babban kifi ya biyo su ta ƙasa sai sama.

Zainab_Biology
Wannan ɗaya ne, Baba. Amma yana tsalle ko babu mai korarsa, a hankali, ya faɗo ta gefe. An lura tsallen ya fi yawa a ruwan da iskar shaƙa ta yi ƙaranci, shi ya sa wasu masana ke ganin iska yake ɗiba ya ajiye a wani gurbi a saman maƙogwaronsa. Wasu kuma sun ce ƙwarin da ke manne masa yake kakkaɓewa.

Sarkin_Birgi
'Yata, shekara talatin ina jefa birgi, daga Yawuri har Epe. Kifi ba ya tsalle don nishaɗi. In ba ki ga mai korarsa ba, shi ya gani.

Maman_Hanifa
Na dawo. Na shimfiɗa su huɗu a faranti na haska da fitilar waya. Uku suna da kitsen idon nan, har na sa farce na taɓa, kamar leda mai kauri. Suna da layuka a jiki, na ƙirga shida a ɗaya, da ɗigon duhu a gindin fiffike. Na huɗun ya fi su ƙanƙanta da faɗi, idonsa tas babu komai, babu layuka, fiffikensa na ƙasa dogo ne a lanƙwashe. Ƙirge kuma: ƙaramin 11. Manyan na samu 9 a duka ukun. To ke nan curema ɗin ne?

Malam_Nura_Kifi
Sannu da aiki, kin fi wasu ɗalibaina. Sake duba na ƙarshen, wanda ke kusa da wutsiya. Sau da yawa a tsage yake har gindi, sai ya yi kamar biyu, alhali tushensu ɗaya, ɗaya ake ƙirga shi. Bi shi da allura zuwa ƙasa.

Maman_Hanifa
Haka ne kuwa! Gindinsu ɗaya. To 8 ne.

Malam_Nura_Kifi
Madalla. Kitsen ido, layuka, 8, ga girma: ukun nan Mugil cephalus nake gani. Ƙaramin kuma mai lauje ne, wanda tsofaffin littattafai ke kira Liza falcipinnis, yanzu an mayar da shi Neochelon. Iri biyu maigidanki ya sayo a kuɗin ɗaya.

Zainab_Biology
Malam, da izininka. Akwai Mugil bananensis a wannan gaɓar, shi ma da kitsen ido, kuma suna kama sosai in ba a ƙirga layukan ɓawo ba. Kafin wani ya tambaya, ba ruwansa da ayaba, sunan garin Banana ne da ke bakin kogin Kwango. Sannan shi kansa cephalus ɗin, binciken ƙwayoyin halitta ya nuna ba iri ɗaya ba ne a duk duniya, zuriya ce fiye da goma masu kama ɗaya da aka tara a ƙarƙashin suna guda. Burin Sani na Bahar Rum da na Badagiri ba lallai su zama abu ɗaya ba.

Malam_Nura_Kifi
Ban musa ba, amma bananensis bai cika kai wannan girman ba, kuma layukan jikin da ta gani sun fi ƙarfafa nawa. Na ƙwayoyin halitta kuwa ba a faranti ake ganinsa ba.

Bashir_Fanisau
Kun ga abin da na faɗa tun farko.

Ummu_Sadiq
Har yanzu fa ba a ba ta sunan Hausa ba.

Sarkin_Birgi
Babu shi. Kakanninmu sun raɗa wa abin da ke Kwara da Binuwai da tafkin Chadi suna, giwan ruwa, kurungu, faliya, gaiwa, yauni. Wannan bai zo musu ba. Mu da ke su a kudu atoko muke cewa kamar masu garin.

Sani_Azhar
A ɗauki buri mana. Gajere ne, ya zauna a baki, kuma ba yau muka fara aron Larabci ba.

Dan_Yawuri77
Ka ce wa mai kifi a Kano ya ba ka buri, zai ce Allah ya cika maka shi.

Hajiya_Nima
Ni yarana mai ƙundu suke ce masa tun suna ƙanana, kuma duk gidan an gane.

Dan_Yawuri77
Hajiya, bargi fa? Shi ya riga shi ƙundu a ƙasar Hausa.

Abu_Bakr_BurSudan
Arabi dai.

Maman_Hanifa
Ku ci gaba, ni na ɗora mai. Na tsaga ƙundu huɗun na wanke kamar yadda Hajiya ta ce, Hanifa ta tsaya a kaina wai nata ne biyu. Ɗaya daga cikin manyan yana da ƙwai, wannan karon na ciro shi lafiya ban huda ba. Sani, gishirin kwana nawa ake bari kafin a shanya? Kuma da wannan damshin na Legas zai bushe kuwa, ko in aika da shi Gusau?